Me ya sa intanet ke nauyi alhali an ce gyaran rezo ake yi?



Akwai wani kuka da ke yawan iso mana, wasu ta waya, wasu da bakinsu in sun leƙo gidan rediyo. Mutum ya sayi forfe da kuɗin guminsa, ya yi bokal tun hantsi, bai tafi ba sai bayan la'asar. An turo hoton jariri daga Gana, yana ta juyawa, ya ƙi buɗewa. In an tambayi mai sayar da kredi, ko an kira kamfani, amsa guda ce: "Aiki ake a kan rezo, a yi haƙuri." Sai jama'a su ce: "To in gyara ne, mi ya sa abin ya ƙara ɓaci? Ai da can ma ya hi haka."

Tambayar tana kan hanya. E, gyara yana iya sa intanet ya yi nauyi, kuma akwai dalilan da hankali zai ɗauka. Amma nauyin gyara yana da alamominsa, yana kuma da ranar ƙarewa. Wanda ya san alamomin zai gane lokacin da ya dace ya yi haƙuri, da lokacin da ya dace ya duba wayarsa, da lokacin da ya dace ya kai ƙara.

Hanyar da bokal ke bi kafin ya isa

Idan kun tura saƙo ta WhatsApp, zango huɗu yake yi kafin ya kai hannun mai shi.

Zango na farko, daga wayarku zuwa dogon ƙarfen nan da muke ce wa anten, ta iska. A samansa akwai wasu fararen alluna dogaye, galibi sun fuskanci kusurwa uku, kowane da ɓangaren garin da yake kula da shi. Su ne ke magana da wayoyinmu.

Na biyu, daga wannan anten zuwa wani, ta wani farin abu mai kama da ganga da ke maƙale a jikin ƙarfen. Gangar nan dole ta riƙa hangen ƴar uwarta da ke kan wani ƙarfe mai nisa, ba tudu ba itace a tsakaninsu. Haka saƙo zai yi ta tsallake daga ƙarfe zuwa ƙarfe har ya kai inda igiyar fibar take.

Na uku, cikin fibar ɗin, wato siririn zaren gilashi da aka binne a ƙasa, wanda haske ke ɗaukar saƙo a cikinsa. Babbar igiyar da ta ratsa yankinmu ita ce wadda ta taso daga Yamai, ta bi Doso, ta sauka Gaya har iyakar Benin.

Na huɗu, tun da Nijar ba ta da bakin teku, sai saƙon ya ratsa ƙasar maƙwabta, ya kai gaɓa irin ta Kwatano ko Legas, ya shiga manyan igiyoyin da aka shimfiɗa a ƙarƙashin ruwa, ya je ga kwamfutocin WhatsApp, sannan ya juyo ya nemi wanda aka aika wa. Ko ɗan uwanka da ke Malgoru ka aika wa, sai saƙon ya yi wannan doguwar tafiya.

Kiran baki tsakanin layukan Nijar, da SMS, su ba sa fita ƙasar. Shi ya sa wani lokaci kira ke shiga lafiya lau, intanet kuwa ya tsaya cik. Ku riƙe wannan, zai yi mana amfani a gaba.

Mene ne ma ake gyarawa?

Kamfanoni huɗu ne ke da layi a ƙasarmu. Akwai Airtel, wanda ya fara a 2001 da sunan Celtel, ya koma Zain a 2008, ya zama Airtel a 2010. Akwai Zamani Telecom, wanda ya gaji Orange bayan an sayar da shi a 2019. Akwai Moov Africa. Sai Niger Telecom na gwamnati, wanda aka samar a 2016 da aka haɗe Sonitel da SahelCom.

Duka sun fara ne da abin da ake kira 2G, wanda aka yi shi don kira da SMS. Daga baya 3G ya zo, intanet ya fara gudu a waya. Sai kuma 4G, wanda shi tun asali don intanet aka ƙera shi. Airtel ne ya fara samun lasisin 4G a 2018, wasu suka biyo baya. Manyan birane aka fara ba, sannan aikin ya riƙa gangarowa gundumomi da ƙauyuka sannu a hankali. To idan kuka ji an ce ana gyaran rezo a karkara, galibi ana nufin ana ɗora 4G a kan anten da a da 2G ko 3G kawai yake da shi, ko ana canza tsofaffin na'urori da sababbi. A cikin wannan aiki akwai abu huɗu da ke jawo nauyi.

Abu na farko: kashe anten

Ba a canza allunan saman ƙarfe suna aiki, don ƙarfin da suke fitarwa yana iya cutar da ma'aikacin da ya hau kusa da su. Dole a kashe ɓangare ɗaya, ko ma anten ɗin gaba ɗaya, na wasu awoyi. A birni mutum ba ya cika lura, don akwai wani anten a unguwar gaba. A nan wurinmu kuwa, in aka kashe na garinku, wayoyinku duka sai su koma laluben na wani gari mai nisa, wanda shi ma da nasa jama'ar.

Waɗanda suka bi hanyar Doso zuwa Bela lokacin da ake sake ta sun san wannan hali. An rufe babbar hanya, an karkatar da kowa ta ƴar burji: tirela, mota, amalanke, babur, duk a layi ɗaya cikin ƙura. Ba wanda ya ce aikin banza ake yi, amma ranar kowa ya makara.

Abu na biyu: rabon fili a iska

Wannan shi ne wanda mutane ba su cika sani ba, kuma shi ya fi daɗewa yana ciwo. Kamar yadda kowane gidan rediyo ke da lambarsa a kan FM, haka kowane kamfanin waya ke da nasa yanki a iska, wanda hukuma ta auna ta ba shi. Za ku ji ana kiran lambobi irin su 800, 900, 1800 da 2100. Yankin nan yana da iyaka, kamfani ba ya iya ƙara wa kansa.

Ku ɗauka mutum ne mai gona ɗaya a fadama, ya cika ta da rogo, yanzu yana son ya sa rake. Ba shi da wani fili, dole ya tuge wani ɓangare na rogon. Haka kamfanonin waya a ko'ina cikin duniya suke yi: su yanko daga filin 2G ko na 3G su ba 4G. Mai sabuwar waya zai ga canji nan take. Mai wayar da ba ta wuce 3G ba kuwa, filinsa ne aka rage, ga jama'a nan yadda suke. Shi nauyinsa ba ya tafiya ko an gama aiki. Sau da yawa wanda ke cewa "tun da aka yi gyaran nan ban sake jin daɗin rezo ba" gaskiyarsa ce, domin an ci gaba ne an bar wayarsa a baya.

Lambobin nan ma ba ƙarfinsu ɗaya ba. Ƙananan, wato 800 da 900, sun fi tafiya nesa, sun fi ratsa bango da itatuwa. Manyan sun fi ɗaukar kaya, amma ba sa nisa. Idan a kan babbar lamba aka ɗora 4G, sai ku ga na tsakiyar gari suna murna, na tungayen da ke bayan tudu ko cikin dajin giginya kuwa ba su gani a ƙasa ba.

Abu na uku: an faɗaɗa baki, ba a faɗaɗa wuya ba

Ana iya ɗora 4G a kan ƙarfe yau, amma gangar da ke kai saƙo gaba tana nan tsohuwarta, wadda aka sa tun zamanin kira da SMS. Sai ku ga waya ta rubuta 4G, sanduna sun cika, amma hoto ya ƙi buɗewa. Kamar a ƙara bakin famfo goma ne a kan bututu siriri guda: kowa ya kafa bokitinsa, ruwa na ɗiga. Sai an canza gangar, ko an jawo fibar har gindin ƙarfen, sannan abin ke sakuwa. Wannan aikin yakan zo daga baya, wani lokaci da tazara mai yawa. Kuma tun da antunan karkara a jere suke kamar carbi, in ana aiki a kan na tsakiya, duk na bayansa sai su ji a jikinsu, ko da ba wanda ya taɓa su.

Abu na huɗu: saiti

Bayan an ɗaura sababbin alluna, sai an daidaita inda kowane ya dosa da yadda ya sunkuya. In ya sunkuya da yawa, na nesa sun rasa. In ya ɗaga da yawa, ya shiga hurumin wani anten su riƙa damun juna. Injiniyoyi sukan zaga da mota suna aunawa, su koma su gyara. A tsakanin nan waya takan yi ta tsalle daga 4G zuwa 3G zuwa 2G, kuma duk tsalle ɗaya saƙo na iya katsewa. Batir ma yakan ƙare da wuri, don wayar tana ta wahalar nema.

Namu na bakin iyaka

Mu a nan muna da wani ƙari da na Doso ko Yamai ba su da shi. Najeriya na gabas da mu, Kamba ba nisa, Malanbil kuma na tsallaken kogi daga Gaya. Iska ba ta san iyaka ba. Antunan Jihar Kebbi suna watsowa cikinmu, namu ma suna watsawa can. Don kada su dami juna, ƙasashe maƙwabta sukan yi yarjejeniya kan lambobin da kowa zai yi amfani da su a bakin iyaka, kamfanoni kuma sukan rage ƙarfin allunan da suka fuskanci maƙwabta. Shi ya sa garin da ke dab da iyaka yakan samu rezo mai rauni ko da anten ba nisa.

Ranar da aka kashe anten ɗinmu don aiki, wayar da aka bari tana zaɓen rezo da kanta tana iya kama na Najeriya ko na Benin. In ta kama, kai kana zaune a ƙofar gidanka, amma a lissafin kamfani ka yi tafiya ƙasar waje. Forfen da ka saya na gida ba ya aiki a can, kredi kuma yana iya zubewa da farashin baƙo. Ku riƙa duba sunan da ke saman allon waya. In kun ga sunan da ba na kamfaninku ba, ko harafin R kusa da sanduna, ku shiga saitin waya ku zaɓi kamfaninku da hannu, ku kashe intanet na yawo. Masu riƙe da sim biyu, na Nijar da na Najeriya, su tabbatar wanne ne ke ba da intanet kafin su buɗe.

Ba kowane nauyi ne gyara ba

Kalmar "ana aiki" tana da daɗin faɗi, kuma takan rufe abubuwa da yawa da ba su da alaƙa da gyara.

Akwai wuta. Anten ba ya aiki sai da lantarki dare da rana: ko na NIGELEC, ko gurup mai shan gazuwal, ko farantan hasken rana da batura. Na'urorin 4G ƙarin kaya ne a kan wutar da ke akwai. In batura sun tsufa, sai anten ya mutu cikin dare, ya farfaɗo in rana ta ɗaga. Ba mu manta da watan Agustan 2023 ba, lokacin da Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar saboda takunkumin CEDEAO, wanda ba a ɗage ba sai 24 ga Fabrairun 2024. Duk abin da ya taɓa wuta ko gazuwal, to ya taɓa rezo.

Akwai yankewar fibar. Mai haƙa rami, injin gyaran hanya, ko ruwan da ya zaizaye gefen kwalta, kowane na iya tsinke ta. Wani lokaci ma abin daga teku yake. Ranar 14 ga Maris 2024, manyan igiyoyi huɗu na ƙarƙashin ruwa, WACS, MainOne, SAT-3 da ACE, sun lalace a gaɓar Kodibuwa. Ƙasashen yammacin Afirka da dama suka shiga wahalar intanet, har da Nijar, kuma gyaran ya ɗauki makonni. Ba wanda ya hau anten ɗin Yelu ranar nan, amma abin ya iso mu. Don rage irin wannan ne aka yi aikin fibar da ta ratsa Sahara, da tallafin Bankin Raya Afirka, domin ƙasar ta samu ƙofofi da dama: ta Aljeriya, Cadi, Najeriya, Burkina Faso da Benin. In ɗaya ta toshe, a bi ta wata.

Akwai cunkoso. Abin da anten ke iya ɗauka rabawa ake yi tsakanin duk masu amfani da shi a lokacin. Ranar kasuwa, ko bayan isha'i da samari suka zauna kallon TikTok, ko lokacin sallah da ƴan ci-rani suka dawo gida kowa da babbar waya, rabon kowa sai ya ragu.

Akwai kuma damina. Ruwa mai ƙarfi yana raunana maganar da ke tsakanin ganga da ganga, iska na iya karkatar da ita, tsawa na iya ƙona na'ura.

Yadda za ku gane wanne ne

Ku fara da harafin da ke kusa da sandunan rezo. E na nufin 2G: rubutu zai tafi, bokal zai tafi da ƙyar, bidiyo kuwa a haƙura. H ko H+ na nufin 3G. 4G ko LTE duk abu ɗaya ne. Sandunan kansu ƙarfin muryar anten kawai suke nunawa, ba sa faɗin yawan mutanen da ke kansa.

Idan rezo ya ɓace ɗungurungum na wasu awoyi, an ga ma'aikata da mota a gindin ƙarfe, sannan ya dawo yana tangal-tangal na ƴan kwanaki, wannan gyara ne. A yi haƙuri.

Idan da asuba yana gudu, daga magariba zuwa tsakar dare kuma ya zama kunkuru, kullum haka, wannan cunkoso ne.

Idan yana mutuwa duk lokacin da aka ɗauke wuta, ko cikin dare ya dawo da hantsi, matsalar lantarki ce a gindin anten.

Idan kira na shiga amma intanet ya mutu a duk kamfanoni lokaci guda, kuka kira Gaya ko Doso suka ce su ma haka, to fibar ce ko teku. Canza sim ba zai yi magani ba, kada ku ɓata kuɗinku.

Idan kuwa kai da maƙwabcinka kuna zaune a tabarma ɗaya, kamfaninku ɗaya, tasa na gudu taka na rarrafe, to ka duba wayarka da sim ɗinka.

Abin da na gida za su iya yi

Lokacin da rezo ke tangal-tangal, ku sayi ƙaramin forfe, ku gwada tukuna. Forfe yana da wa'adi, kuma wa'adin na tafiya ko kun yi amfani da shi ko ba ku yi ba. Wanda ya zuba jika guda a ranar da aka kashe anten, ya yi sadaka ba da niyya ba.

Ku duba ko wayarku tana ɗaukar 4G, kuma ko an kunna shi a saiti. Tsohon sim, wato pis ɗin da aka daɗe da saya, wani ba ya hawa 4G ko da wayar sabuwa ce. Ana canza shi a ajans ɗin kamfani ba tare da an rasa lamba ba, sai dai a tafi da katin shaida. A wasu wayoyi masu sim biyu, gurbi ɗaya ne kawai ke ba da 4G, don haka a gwada sauya musu wuri. In waya ta maƙale a kan E, ku kunna alamar jirgin sama ku kashe, sai ta sake neman anten.

A WhatsApp, ku hana hotuna da bidiyon guruf sauka da kansu. Su ne ke toshe hanya, bokal mai muhimmanci ya tsaya a bayansu. Abu mai nauyi a bar shi sai bayan sallar asuba, lokacin da hanya ba kowa.

Wani abu kuma: in 4G ya zauna daram, za ku ga forfe na ƙarewa da sauri fiye da da. Facebook, YouTube da TikTok in suka ga hanya a buɗe, da kansu suke zaɓo bidiyo mafi kyau, shi kuma ya fi cin mega. Ana iya rage wannan a cikin saitinsu.

Ga ƴan uwa da ke waje

Ku da ke zaune inda intanet ke gudu kamar ruwa, ku riƙa yi wa na gida uzuri. Alamar agogo a gefen saƙo na nufin bai ma bar wayarka ba. Alama ɗaya, ya bar wayarka amma bai isa tasu ba. Alama biyu, ya shiga wayar, sai dai bokal ko hoton da ke ciki yana iya kasancewa bai gama sauka ba. Zumunci da yawa ya yi tsami a kan "na aiko an yi banza da ni", alhali tsohuwa tana can tana ɗaga waya sama a bakin danga.

Ku riƙa yin bokal gajere. Na minti ɗaya bai kai rabin mega ba, yana iya lallaɓawa ko a kan E. Bidiyon biki kuwa yana iya cinye forfen gida gaba ɗaya bai gama sauka ba. Ku sa lokaci da su, kamar bayan asuba ko ranar da za su shiga gari. In maganar gaggawa ce, rashin lafiya ko rasuwa, ku kira layi kai tsaye ko ku yi SMS, kada ku dogara da WhatsApp.

Haka batun kuɗi. In kun aiko ta Nita, Amana, Al Izza ko makamantansu, ku sanar da mai karɓa ta kira ko SMS. In ya je aka ce "babu koneksiyo", kuɗin na nan, kwamfutar ajans ɗin ce ba ta samu hanya ba. Kada ku sake aikawa sau biyu sai kun tabbatar. Wanda kuma zai sayo wa iyaye waya, ya tabbata mai 4G ce, kuma ba a kulle take a kan wani kamfani na Turai ko Amurka ba.

Hattara da ƴan damfara

Duk lokacin da ake maganar gyaran rezo, su ma ɓarayi kasuwarsu ta buɗe. Wani zai kira da murya mai daɗi ya ce daga kamfani yake, za a mayar da layinka 4G, ko za a rufe shi in ba ka karanto masa lambobin da suka shigo wayarka ba. Ƙarya ce. Kamfani ba ya neman lambar sirrin asusunka ta waya. Lambobi shida da WhatsApp ke turowa kuwa, duk wanda ka ba shi ya ƙwace maka WhatsApp, ya shiga roƙon danginka kuɗi da sunanka. Canjin sim a ajans ake yinsa, ido da ido. Ku gaya wa tsofaffinmu, don su aka fi nema. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Haƙuri yana da iyaka

Gyara aiki ne na kwanaki, in ya yi tsawo makonni. In wata ya bi wata ana ba ku amsa ɗaya, to magana ta wuce gyara. Lasisin da gwamnati ke ba kamfani yana tafe da sharuɗɗa kan ingancin aiki, kuma akwai hukumar da aka ɗora wa sa ido, wato ARCEP, wadda aka kafa a 2018 a madadin ARTP. Hukumar ta taɓa nuna da gaske take: bayan gargaɗin da ta yi a 2022, a watan Yulin 2023 ta ci kamfanonin huɗu duka tarar da jimillarta ta haura miliyar 4 na sefa, saboda rashin cika sharuɗɗan inganci.

Amma hukuma da kamfani duka da hujja suke aiki. "Rezo ba shi da kyau" ba ta isa ba. A samu wani ɗan makaranta a gari ya riƙa rubutawa a littafi: rana kaza, ƙarfe kaza, unguwa kaza, kamfani kaza, harafin da waya ta nuna, kira ne ya ƙi ko intanet. In an yi mako biyu ana haka, hoton matsalar zai fito da kansa. A fara kai wa kamfani, ta lambar masu hulɗa ko a ajans. In ba a ga canji ba, a haɗa kai da mai gari da ofishin komin a rubuta wa ARCEP. Takarda ɗaya da sunan gari guda ta fi ƙorafin mutum ɗari a gindin bishiya. Kuma muna kira ga kamfanonin da kansu: in za ku kashe anten, ku sanar tun da wuri ta SMS ko ta rediyo, ku faɗi rana da awa. Mai rake da ke jiran kiran ɗan kasuwa, da mai jiran kuɗin magani, su san yadda za su shirya.

Mu ma ƙofarmu a buɗe take. Ku aiko mana da abin da kuka rubuta daga garuruwanku, mu karanta a iska, kowa ya ji ko matsalar tasa ce shi kaɗai ko ta yanki ce gaba ɗaya. Wanda ya karanta wannan kuma ya daure ya bayyana wa wanda bai iya karatu ba.